Yadda Ake Lissafin Ruwan Sama da Ke Malala a Unguwa, Daga Taswira Zuwa Bakin Kwalbati

Tambayar da ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikatan sashen ayyuka na ƙananan hukumomi, har da kwamitocin ci gaban unguwa suke yawan maimaitawa ita ce: in aka yi ruwa kaza, nawa ne zai biyo kwata, nawa ƙasa za ta shanye, kuma magudanar da muke da ita za ta iya ɗauka? Amsar tana cikin lissafin shige da ficen ruwa, wanda ba shi da bambanci da littafin mai kanti: abin da ya shigo dole ya yi daidai da abin da ya fita haɗe da abin da ya rage a ajiye.

Abin da ke shigowa unguwa kashi biyu ne: ruwan sama, da ruwan da mutane ke kawowa ta famfo, burtsatse da 'yan garuwa. Abin da ke fita kashi huɗu: wanda ya malale ta magudana, wanda ya nutse ƙasa, wanda rana da iska da itatuwa suka ɗauke, da ruwan wanke-wanke da wanka. Abin da ya rage yana cikin kududdufi da danshin ƙasa.

Za mu yi aikin da yanayin birnin Kano, inda damina ke kamawa daga Mayu zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Agusta. Unguwar da za a yi lissafi da ita mai hekta 40 ta misali ce, an tsara alƙalumanta don a ga yadda ake yi. Kai za ka sa naka. Ka riƙe wannan tun yanzu: milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 daidai yake da kubik mita 10, wato lita 10,000.

1. Haɗa kayan aiki

Manhajojin duk kyauta ne, in ban da Excel: QGIS don taswira, Google Earth Pro don ganin rufin gidaje da tituna, SWMM ta hukumar kare muhalli ta Amurka don bin ruwa cikin magudanai, sai Excel ko LibreOffice. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 8 ta wadatar.

Na fita fili: tef ɗin awo mai mita 50, sandar awo, lebul irin na masu safiyo (haya ake yi, ba sai ka saya ba), waya mai GPS, fenti ja da fari, ma'aunin ruwan sama, da zobban ƙarfe biyu, ɗaya mai faɗin santimita 30, ɗaya 60. Mai walda zai yanka maka su daga bututu ko ganga. A Kasuwar Ƙofar Ruwa ba a rasa ƙarfen.

Kuɗin aikin yana tafiya ne wurare uku: sayen bayanan ruwan sama daga NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, hayar lebul da mai riƙe sanda, da ladan wanda zai riƙa karanta ma'auni duk damina. Ga unguwa mai hekta 40, ka ware kamar mako biyu na yawon fili, mako biyu na zaman kwamfuta. Tantance sakamako kuwa damina guda yake ci, babu hanyar gajarta shi.

2. Shata iyakar yankin

Fara da mafita: kwalbati, gada ko bakin kududdufin da kake son sanin ruwan da ke isa gare shi. Duk ƙasar da ruwanta ke gangarowa nan ita ce yankinka, ko da ta tsallaka mazaɓa uku. Ruwa bai san iyakar mai unguwa ba. A Kano, yawancin tsohon birni da Fagge da Sabon Gari suna zuba ruwansu ne a Jakara, wadda ke karɓar rafin Getsi daga Bompai, yayin da kudancin birni ke gangarawa Challawa. Ka san ɓangaren da kake kafin ka ja layi.

Sauke taswirar tudu da kwari ta Copernicus ko SRTM, kowacce mai ƙwayar mita 30, wato kowane ɗigonta yana wakiltar fili mai mita 30 a kowane gefe. Buɗe ta a QGIS, ka mayar da ita tsarin UTM shiyya ta 32 ta arewa, lambarta EPSG:32632. Sakkwato da Yamai suna shiyya ta 31, Maiduguri ta 33. Cike ramukan ƙarya da ke cikin taswirar, fitar da alƙiblar gangarar ruwa, sannan ka nuna wa manhajar mafitarka ta zana iyaka.

*Gargaɗi:* in ka bar taswirar a digiri, faɗin filin da za ta ba ka shirme ne.

*Gargaɗi na biyu, wanda ya fi muhimmanci:* layin da kwamfuta ta zana daftari ne kawai. Taswira mai ƙwayar mita 30 ba ta ganin kwata mai faɗin mita ɗaya, ba ta san an ɗaga titi ya zama shinge ba, ba ta san ganuwa ko layin dogo sun karkatar da ruwa ba. Buga taswirar a takarda, ka zagaya iyakar da ƙafa, zai fi kyau jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa, ka bi sawun yashi da ledojin da ruwa ya jera. Tambayi masu shaguna da dattawan da ke zama ƙofar gida inda ruwa ke fitowa da inda yake tsayawa. Sau da yawa kwalbati ɗaya a ƙarƙashin babban titi yana shigo da ruwan wata unguwa gaba ɗaya wadda ba ta cikin layinka.

Daga nan raba yankin gida-gida, kowane yanki hekta 2 zuwa 5, gwargwadon kwatar da yake zuba wa.

3. Tantance abin da ya rufe ƙasa

Wannan matakin ne ke yanke hukuncin sakamako, don haka kada a yi masa gaggawa. A hoton Google Earth mafi sabunta, zana kowane nau'i ka auna faɗinsa. A misalinmu:

Rufin kwano da na kankare: hekta 14
Kwalta da daɓen siminti: hekta 6
Lunguna marasa kwalta da tsakar gida ta ƙasa: hekta 14
Fili mai ciyawa, maƙabarta, lambu da gindin itatuwa: hekta 5
Kududdufi: hekta 1

In zana kowane rufi ya yi yawa, watsa ɗigo 300 zuwa 400 barkatai a kan hoton da QGIS, ka ƙirga nawa suka faɗa kan kowane nau'i. Kason da ka samu ya isa aiki.

Hoto ba ya nuna inda ruwan rufi ke sauka. Gidan da indararonsa ke zuba kai tsaye a kwatar titi daban yake da gidan da ruwan rufinsa ke sauka a tsakar gida ta ƙasa, ya kwanta, ƙasa ta sha rabonta, sauran ya fita ta rariya. Nemi izinin masu gida ka shiga gidaje 30 da ka zaɓa daga sassa daban-daban, ka rubuta abu biyu: an daɓe tsakar gida ko ba a daɓe ba, kuma ina ruwan rufi yake faɗawa. Zai fi sauƙi a tafi da mace cikin masu aikin, don gidaje da yawa namiji baƙo iyakarsa zaure.

*Gargaɗi:* kada ka ɗauki lungu mara kwalta a matsayin ƙasa mai shan ruwa. Ƙafa da babur da A Daidaita Sahu sun daddaɓe shi, yana zubar da ruwa kusan rabin yadda kwalta ke yi.

4. Tattara bayanan ruwan sama

Bayanai iri biyu kake buƙata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Na farko, ruwan kowace rana na tsawon shekara 20 zuwa 30, don lissafin shekara. NiMet tana da tasha a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Ana rubuta takarda a biya. A Nijar ana neman irinsu a hukumar yanayi ta ƙasa ko cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Bayanan CHIRPS na tauraron ɗan'adam kyauta ne, suna farawa daga 1981, ƙwayarsu kusan kilomita 5.

Na biyu, ƙarfin zubar ruwa cikin minti 10, 15 ko 30, don girman magudana. Ruwan ƙasar Hausa na hadari ne: yakan zubo da mafi yawansa cikin rabin sa'ar farko, sannan ya koma yayyafi. Milimita 60 cikin minti 45 da milimita 60 cikin sa'a takwas adadi ɗaya ne a littafi, amma na farkon ne ke shiga ɗakunan mutane.

Kafa ma'auninka a fili, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a miƙe daidai. A karanta shi a lokaci iri ɗaya kowace safiya. Idan hadari ya taso, wani ya zauna da agogo ya rubuta awo duk minti goma.

Don fitar da ruwan tsara magudana: ɗauki ruwan rana mafi yawa na kowace shekara, ka fitar da matsakaicinsu da ma'aunin bazuwarsu wanda Excel ke bayarwa da STDEV. A hanyar Gumbel, ruwan shekara 10 shi ne matsakaici haɗe da bazuwa sau 1.305, na shekara 5 sau 0.719, na shekara 25 sau 2.044. Ninka sakamakon da 1.13, saboda awon safe zuwa safe yakan raba ruwa ɗaya gida biyu.

*Gargaɗi:* “ruwan shekara 10” ba yana nufin sai bayan shekara goma zai dawo ba. Ma'anarsa kowace damina akwai yiwuwar kashi 10 cikin ɗari ya sauka. Yana iya zuwa bana ya sake zuwa baɗi.

*Gargaɗi:* tauraron ɗan'adam yana baje ruwa a kan fili mai faɗi, don haka yana rage kaifin mamakon da ya sauka a unguwa ɗaya. Yi amfani da CHIRPS wajen cike giɓi da jimillar wata, kada ka auna kwalbati da shi.

5. Ƙafewa da ruwan da mutane ke kawowa

In kana da zafin rana mafi girma da mafi ƙanƙanta na kowace rana, wanda shafin NASA POWER ke bayarwa kyauta, hanyar Hargreaves ta isa, kuma SWMM na lissafa ta da kanta idan ka ba ta fayil ɗin zafi. A Kano za ka ga kamar milimita 4 zuwa 5 a rana cikin Agusta, ya ƙaru sosai a bazara. Cikin sa'ar da ake tafka ruwa ƙafewa ba komai ba ce. Amfaninta a tsakanin ruwa da ruwa, inda take busar da ƙasa ta rage kududdufi.

Ruwan gidaje kuwa ana yawan mantawa da shi. A ce unguwar tana da mutum 8,000, kowa yana amfani da lita 40 a rana, kashi 80 cikin ɗari yana komawa kwata: kubik mita 256 ke nan a rana. A lokacin ambaliya wannan ɗigo ne. A shekara kuwa ya haura kubik mita 93,000, daidai da ruwan sama milimita 234 a kan hekta 40. Shi ya sa wasu kududdufan birni ba sa ƙafewa ko a Afrilu, kuma damina take samun su da ruwa a ciki.

6. Gwada shan ruwan ƙasa

Zaɓi wurare biyu ko uku a kowane nau'in ƙasa mara daɓe. Kafa ƙaramin zobe cikin babba, ka buga su su nutse santimita 10 zuwa 15 ba tare da ka farfasa saman ƙasar ba. Shimfiɗa leda ko buhu kafin ka zuba ruwa don kada ya tona, sannan ka zare. Cika duka biyun zuwa santimita 10. A zoben ciki kawai ake awo: duk minti 5 da farko, sannan duk minti 15, kana ƙara ruwa, har saurin nutsewar ya daina sauka. Yakan ɗauki sa'a biyu zuwa uku, kuma yana cin jarkoki da dama, don haka ka yi ciniki da mai garuwa tun da wuri.

Ana kasa ƙasa aji huɗu bisa saurin nutsewa bayan ta jiƙe sharaf: ajin A sama da milimita 7.6 a sa'a, B daga 3.8 zuwa 7.6, C daga 1.3 zuwa 3.8, D ƙasa da 1.3.

*Gargaɗi:* ganin rairayi ba hujja ba ce ta ajin A. Ƙasar jigawa a yankin Sahel tana yin ɓawo a samanta idan ɗigon ruwa ya doke ta, ɓawon da bai kai kaurin farce biyu ba amma yana toshe ta. Zobe kuma yakan nuna sauri fiye da gaskiya, saboda ruwa a tsaye yake a kansa. Idan awonka ya faɗo kan iyakar aji biyu, ɗauki mai ƙarancin sha.

7. Lissafin malale na ruwa ɗaya

Hanya mafi sauƙi ita ce ta lambar CN. Kowane nau'in fili yana da lamba. Iyakarta 100, kuma duk yadda ta ƙaru malale na ƙaruwa. A ƙasa ajin B: rufi da kwalta 98, lungun ƙasa 82, fili mai matsakaiciyar ciyawa 69.

S = 25400 ÷ CN − 254
Q = (P − 0.2S)² ÷ (P + 0.8S)

P ruwan sama ne, Q malale, S iyakar ruwan da fili zai iya riƙewa, duk a milimita. Idan P bai kai 0.2S ba, Q sifili ne.

Da ruwan milimita 60: rufi da kwalta suna ba da 54.2, a hekta 20 ya zama kubik mita 10,840. Lunguna 22.8, a hekta 14 ya zama 3,192. Fili mai ciyawa 9.1, a hekta 5 ya zama 455. Wanda ya sauka kan kududdufi kai tsaye 600. Jimilla 15,087 daga cikin 24,000 da suka sauka, wato kashi 63 cikin ɗari.

*Gargaɗi:* kada ka haɗa lambobin ka fitar da matsakaici ɗaya. Kuskure ne da ya cika kundaye. Matsakaicin CN na misalinmu, ban da kududdufi, 88.5 ne; da ruwan milimita 15 zai ba ka kubik mita 665. In ka lissafa kowane nau'i daban, za ka samu kusan 2,075, ninki uku, domin rufin kwano yana zubar da ruwa tun ƙasa ba ta fara ba. Tunda yawancin ranakun damina na ƙaramin ruwa ne, wannan kuskuren yana rushe jimillar shekara.

*Gargaɗi:* lambobin nan na matsakaicin danshi ne. Idan ruwan kwana biyar da suka wuce ya haura milimita 53, ɗaga lambar da 23CN ÷ (10 + 0.13CN). Lamba 82 ta koma 91, malalen lungu ya tashi daga 22.8 zuwa kusan 38. A Agusta wannan ne halin yau da kullum.

8. Jera lissafin kowace rana

A Excel, kowane layi rana ɗaya. Jere na farko kwanan wata, sai ruwan sama, sai ƙafewa, sai malalen kowane nau'i. Abin da ya rage bayan malale a kan rufi da kwalta ka sa shi cikin ƙafewa. Na filin ƙasa ya shiga ajiyar danshi: na jiya, haɗe da wanda ya nutse yau, a cire ƙafewa. Sa wa ajiyar iyaka, kamar milimita 20 a ƙasa tsirara wadda samanta kaɗai ke bushewa, da kamar 100 a inda saiwoyi suka kai zurfin mita. Abin da ya haura iyaka ya tafi ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ajiyar kada ta sauka ƙasa da sifili.

Kududdufi yana da nasa jeren: na jiya, haɗe da malale da ruwan gidaje, a cire ƙafewa da tsiyaya. In ya wuce cikinsa, rarar ita ce ambaliya. Cikinsa kuwa aunawa ake yi da rani, lokacin da ya ja baya: ɗauki faɗinsa a matakai uku ko huɗu na tsayi da lebul. Kududdufi mai hekta 1 da sararin mita 1.5 a sama da ruwa ba zai riƙe fiye da kubik mita 15,000 ba, ƙasa da haka ma tunda gefensa a karkace yake. Ruwan milimita 60 ɗaya tak ya cika shi.

A ƙarshe yi jeren bincike: duk abin da ya shigo, a cire duk abin da ya fita, a cire canjin ajiya. Dole ya zama sifili kowace rana. In bai zama ba, wani ruwa ya shiga lissafi sau biyu ko ya ɓace, kuma ba a wucewa gaba sai an gano shi. Fara jerin daga Afrilu, lokacin da ajiyar ƙasa take kusan fanko.

9. Ƙololuwar kwarara da ƙarfin magudana

Yawan ruwa daban, saurin zuwansa daban. Da farko nemo lokacin da ruwa ke ɗauka daga wuri mafi nisa zuwa mafita, da hanyar Kirpich: 0.0195 × L^0.77 × S^−0.385, L tsawo a mita, S gangara. Tsawon mita 900 da gangarar 0.01 suna ba da kusan minti 22.

Sannan Q = C × I × A ÷ 360. Q a nan ƙololuwar kwarara ce, A faɗin yankin a hekta, I ƙarfin ruwa a milimita cikin sa'a na tsawon waɗannan mintuna, C kason malale: 0.9 ga rufi, 0.85 ga kwalta, 0.5 ga lungu, 0.2 ga ciyawa, 1 ga kududdufi. A nan an yarda a haɗa su bisa faɗi, ya ba da 0.67. In bayananka sun nuna I ya kai 80, Q ya zama kusan kubik mita 6 a daƙiƙa. Wannan hanyar ta ƙananan yankuna ce. In ka haura hekta 80, koma SWMM.

Yanzu auna magudanar. Da hanyar Manning, sauri = R^(2/3) × √S ÷ n, inda R yake faɗin yankan ruwa raba da tsawon jikin da ruwa ya taɓa, n kuma lambar kaushin jikin magudanar; sauri sau faɗin yankan ruwa shi ne ƙarfinta a kubik mita a daƙiƙa. Magudanar kankare mai faɗin mita 1.5 da zurfin 1.2, gangara 0.01, n 0.015, tana ɗaukar kusan 7.2 in ta cika fal. Ta isa. Amma bari yashi da leda su kwanta santimita 40 a cikinta: zurfi ya koma 0.8, n ya tashi zuwa 0.025, ƙarfinta ya faɗo 2.5.

*Gargaɗi:* auna zurfin da ke akwai yau, ba wanda ke cikin zanen ɗan kwangila ba. Soka rodi cikin taɓon har ya taɓa kankare, a wurare da dama. Duba kuma inda aka ratsa bututun famfo ta cikin kwata da inda mai gida ya ɗora silab ya matse ta; wuri mafi ƙunci shi ne ƙarfin magudanar gaba ɗaya.

10. Shigar da shi SWMM

Kafin ka zana komai, sauya ma'aunin kwarara zuwa CMS, wato kubik mita a daƙiƙa. Manhajar tana buɗewa da ma'aunin Amurka, kuma sauyawa daga baya ba ya juya alƙaluman da ka riga ka shigar. Hektarka za ta zama eka ba ka sani ba.

Zana ƙananan yankunan, mahaɗai, magudanai, ma'ajiya a madadin kududdufi, da mafita. Kowane yanki yana son faɗi, gangara, kason da ba ya shan ruwa, da faɗin kwarara, wanda ake samu ta raba faɗin yankin da tsawon da ruwa ke bi a ƙasa kafin ya faɗa kwata. Sa n 0.012 zuwa 0.015 ga daɓe, 0.05 zuwa 0.15 ga ƙasa. Ruwan da ke maƙalewa a ƙananan ramuka milimita 1.5 zuwa 2.5 ga daɓe, 2.5 zuwa 5 ga ƙasa. Binciken gidaje 30 ɗin nan a akwatin Subarea Routing yake shiga: zaɓi PERVIOUS, ka rubuta kason ruwan rufin da ke sauka a ƙasa.

Zaɓi Dynamic Wave, domin ita ce ke nuna ruwa yana komawa baya idan kwalbati ya shaƙe. Tabbatar ka gaya mata ko ruwan da ka shigar ƙarfi ne a sa'a ko adadi ne a kowane tsakani. Rikita su a awon minti 10 yana kawo kuskure ninki shida. Bayan ta gama, duba kason kuskuren daidaito a rahoto. In ya haura kashi 5, rage tsawon matakin lokaci, ka nemi magudanar da ta cika gajarta ko wadda gangararta ta juye.

11. Gwada samfurin da ruwan gaske

Samfurin, wato kwaikwayon unguwar da ka gina a SWMM, in ba a gwada shi ba hasashe ne mai ado. Yi wa bangon kwalbati fenti ja da fari duk santimita 10, ka kafa sanda mai irin wannan alama a kududdufi. A karanta sandar kafin ruwa da bayansa: tashin ruwan sau faɗin kududdufin shi ne yawan malale, kuma awo ne da ya fi kowane sauƙi da aminci. Saukarsa a ranakun da ba ruwa, bayan an cire ƙafewa an lura da ruwan gidaje, ita ce tsiyaya.

Don sauri, auna mita 20 a miƙaƙƙen sashe, jefa gorar roba da aka cika rabi, ɗauki lokaci sau uku, ninka matsakaicin da 0.85. In ba a samu tsayawa lokacin ruwa ba, layin datti da ruwa ya bari a bango yana nuna iyakar tashinsa; a auna shi kafin ya goge.

*Gargaɗi:* ba a shiga magudana lokacin ruwa, ba a tsayawa kan silab ɗin da ke bakinta, ba a aiken yara. Ruwa mai gudun mita 3 a daƙiƙa yana kayar da babban mutum ko da bai kai gwiwa ba.

Tara ruwa takwas zuwa goma, manya da ƙanana. Gyara samfurin da kashi biyu bisa uku nasu, ka ajiye sauran don jarrabawa ba tare da ka sake taɓa komai ba. Gyaran a jere yake: fara da yawan ruwa, ta hanyar kason da ba ya sha, da ƙananan ruwa, sannan shan ƙasa, da manyan ruwa, daga ƙarshe lokaci da tsinin ƙololuwa, ta faɗin kwarara da n. Abu ɗaya ake juyawa a lokaci guda. In yawan ruwa ya zo cikin kashi 15 na awo, ƙololuwa cikin kashi 25, ya isa a yanke shawara da shi. In kuwa sai ka sa lambar da hankali ba zai ɗauka ba kafin su dace, matsalar tana mataki na 2: akwai ruwan da ke shigowa ko ficewa ta inda ba ka gani ba.

12. Gwada sauye-sauye ka rubuta rahoto

Ajiye kwafin samfurin yadda yake, sannan ka sauya abu ɗaya-ɗaya da ruwa iri ɗaya. A misalinmu, da ruwan milimita 60:

In aka cike rabin kududdufin da shara aka yanka filaye, kusan kubik mita 7,500 sun rasa masauki.
In aka daɓe rabin lunguna da tsakar gidaje da siminti, malale ya ƙaru da kusan 2,200.
In gidaje 500 suka sa tankin lita 2,000 kowanne, an tare 1,000, ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, shi ma sai in tankunan fanko suke, abin da ba a cika samu a Agusta ba.
In aka yashe magudanar, ƙarfinta ya tashi daga 2.5 zuwa 7.2 ba tare da an sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

A irin wannan unguwa yashe magudana da hana cike kududdufi sun fi faɗaɗa kwalbati riba nesa ba kusa ba, amma a wata unguwar lissafi na iya nuna akasin haka. Kafin ka ba da shawarar faɗaɗawa, tsawaita samfurin zuwa unguwar da ke ƙasa da kai, domin ruwan da ka hanzarta a ƙofarsu zai sauka.

Rahoton ya ƙunshi taswirar yankin da iyakar da aka gyara a fili, teburin nau'o'in fili da ranar hoton da aka yi amfani da shi, tushen bayanan ruwan sama da shekarunsu, jimillar shige da fice wata-wata, jerin mahaɗan da suka yi ambaliya da tsawon mintunan, da kwatancen awo da samfuri na ruwan da aka ajiye don jarrabawa. Ba da kowane sakamako da tazara, misali 5 zuwa 7 maimakon 5.96. Sake zana abin da ya rufe ƙasa duk shekara biyu ko uku, zurfin taɓon magudana kuma a auna shi kowane Mayu kafin ruwan farko.